Yatsun Tela

Shekarar da sanƙarau ya bi unguwarmu gida-gida,
ya shiga ɗakinmu, ya fita.
Bai ɗauki Sakina ba, jinta ya ɗauke.
Muka dawo daga Shika, tana kafaɗata,
da katin asibiti a aljihu,
da kalma ɗaya a bakin kowa: haƙuri.

Haƙuri na yi har na rasa mazubinsa.
Amma haƙuri bai koya mini
yadda ake cewa "zo ki ci tuwo"
ga yarinyar da ta ba ni baya ba.
A layinmu sunanta ya ɓata,
sai dai "kurmar gidan tela".

Ni ne telan, a bakin kasuwar Tudun Wada.
Shekara ashirin da biyu yatsuna na ci da allura,
sun san wuyan riga, sun san kalmasa,
amma a gaban 'yata sai su zama itace.
Takan ɗora tafinta a kan keken ɗinki,
in taka, ta ji rawarsa, ta yi dariya.
Shekara uku, iyakar hirarmu ke nan.

Tanimu mai keke ne ya kawo ɗinkin aljihu,
ya dube ta, ya dube ni.
Ya ce, "Asabar da hantsi ka shirya.
Nawa ma haka yake. Ba kuɗin mota."

Ajin firamare ne a Tudun Jukun,
taga ɗaya ba marfi,
bencin yara, gwiwa har haɓa.
Malama Rifkatu daga Wusasa take zuwa,
ba ta ce mana haƙuri ba,
cewa ta yi, "Ku ɗaga hannuwanku."
Na nufi ruwa, na faɗi wani abu dabam,
yara suka yi ta birgima.
Furfura a gemu, ga ni ɗan aji ɗaya.

Akwai Uwani mai waina, ɗanta da yatsa yake karatu.
Akwai Barau direba
da ya ɓoye nasa shekara takwas a ƙuryar ɗaki;
ranar da ya faɗa, babu wanda ya ce don me,
kowa ya san girman ƙuryar da ke gidansa.

Muna zubi, ɗari biyar-biyar, a gwangwanin madara.
Wannan wata batirin na'urar kunne,
wancan wata tayar keken Mudi.
Wanda ya san ofis ya raka wanda bai sani ba.
Wani ofishin sau shida muka je,
kullum oga ya ɗan fita.
Matakalar aji ta hana Mudi shiga,
muka rubuta takarda, shiru kamar an shuka dusa,
sai muka sayi siminti buhu biyu,
Barau ya kwaɓa, ni na riƙe katako.
Ta ɗan karkace. Keke dai yana hawa.

Ba zan ce komai ya warware ba.
Har yau ba mai fassara in mun je asibiti,
kuma gwangwani yakan yi sauƙi kafin ƙarshen wata.

Amma daren Talata, an ɗauke wuta,
Sakina ta jingina cocila a bango don in ga hannunta.
Ta kira ni da sunan da ta raɗa mini:
yatsu biyu suna jan zare.
Ta yi magana mai tsawo, na tsinci rabi,
ta maimaita a hankali, kamar uwa da ɗa.
Sai na gane, duka, karo na farko:

rigar makarantar da na ɗinka mata bara
tana matse ta a hammata.

Shekara guda tana sanye da ita.
Ni, tela.

Na ɗauko reza, na zauna kusa da cocila,
ina farke ɗinkina da kaina,
ita kuma tana nuna mini daidai wurin.